DA YAYYAFI KOGI KAN CIKA: Darasi Domin Masu Shiga Aji Shida

Wannan darasi naku ne, ku samari da 'yammata na ƙasar Yawuri, da Ngaski, da Shanga, da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, waɗanda kuka gama sakandare kuna shirin shiga ajin da zai kai ku jami'a. Iyaye ma su karanta, gama shinkafarsu da albasarsu da kifinsu ne a ke sayarwa a biya kuɗin makaranta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. Mene ne aji shida?

Sunan daga Ingila ya zo. A can, yaro mai shekara 16 ya kan ƙara shekara biyu a makaranta, ya zaɓi fanni kamar uku, ya zurfafa a cikinsu kafin ya nemi jami'a. Turawa suka kawo mana wannan tsari. A dā, bayan shekara biyar ta sakandare, sai a zaɓi waɗanda suka yi fice su yi shekara biyu, su ɗauki jarrabawar da a ke kira HSC. A 1960 kwamitin Ashby, wanda ya binciki ilimi mai zurfi a Nijeriya, ya ba da shawara a ƙara yawan irin waɗannan azuzuwa. A Arewa makarantu kaɗan ne su ke da su, kamar kwalejin gwamnati ta Zariya, watau Barewa. Yaron Yawuri da ya kai wannan matsayi sai ya ɗaure akwatinsa ya yi doguwar tafiya.

Daga 1982 aka soma sabon tsari: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Sannu a hankali HSC ta shuɗe. Amma aikin aji shida bai mutu ba. Tun 1976 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ke da jarrabawar IJMB. Ɗalibi ya kan ɗauki fanni uku, ya yi karatu na wajen shekara guda, in ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu na jami'a ta hannun hukumar JAMB. A Yelwa ma gwamnati ta kafa kwalejin share fagen shiga jami'a. Wannan shi ne aji shida na zamaninmu. Ku lura da abu ɗaya: kakanninku sun sami shekara biyu, ku kuwa shekara ɗaya ce, har ba ta cika ba. Wanda ya yi wasa da wata uku na fari ya zubar da sulusin lokacinsa.

2. Abin da ya bambanta shi da sakandare

A sakandare akwai mai kiwonka. Ƙararrawa ta tashe ka, malami ya rubuta a allo ka kwafa, shugaban ɗalibai ya kora ka ajin karatun dare. A aji shida ba mai bin ka da bulala. Wata rana lacca biyu kaɗai za a yi, sauran yini naka ne. Nan ne tarko ya ke. Yaro ya ga fanni uku maimakon tara, sai ya ce aiki ya ragu. Ashe rijiyar ce ta ƙara zurfi, ko da ya ke bakinta ya tsuke.

Tambayoyin ma sun sāke. Ga misali daga ƙofar gidanmu. A sakandare a kan tambaye ka, yaushe aka gina madatsar ruwa ta Kainji? Ka ce an fara a 1964, an gama a 1968, ka sami makinka. A aji shida za a ce ka yi bayani: don me aka tayar da mutane wajen 44,000 daga mazauninsu? Me Gungawa suka rasa sa'ad da ruwa ya rufe tsibiransu da gonakinsu? Wa ya ci ribar wutar lantarkin, wa ya biya da ƙasarsa? Hadda kaɗai ba za ta amsa wannan ba. Sai ka karanta littafi fiye da ɗaya, ka auna maganganu, ka faɗi naka ra'ayi da dalili. Tun daga ranar fari ka san kai ne makiyayin kanka.

3. Darasi daga Kwara

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san ruwanta ya kan taso sau biyu a shekara. Na fari da damina ne, daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman da aka yi kusa da mu ne, ya kwaso laka, ya zo a gurɓace. Masana kogin suna kiransa farin ruwa. Na biyu kuwa da rani ya ke zuwa, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ko gajimare babu a samanmu. Daga ina? Ruwan da ya sauka a duwatsun ƙasar Gini ne tun da damina. Ya bazu cikin fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana a tace. Shi a ke kira baƙin ruwa.

Haka karatu ya ke. Abin da ka cusa wa kanka daren jarrabawa farin ruwa ne: yana da yawa, amma a gurɓace, ya kan wuce da sauri. Abin da ka koya tun watan fari, ka yi ta komawa kansa, shi ne zai iso maka a tace ran da ka zauna gaban takardar jarrabawa. Da yayyafi kogi kan cika.

4. Yadda mantuwa ta ke aiki

Kada ka ce kai ne marar ƙwaƙwalwa. Mantuwa halin kowane ɗan adam ne. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya riƙa auna abin da ya saura bayan sa'a, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar asarar ta fi yawa da fari: bayan kwana ɗaya wajen kashi ɗaya cikin uku ne ya rage, daga nan zubewar ta yi sauƙi. Ya kuma ga bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Domin haka ga shawara. Laccar da aka yi yau, ka duba ta yau kafin ka kwanta, ko da minti ashirin ne. Ka sāke dubawa bayan kwana biyu, da ƙarshen mako, da ƙarshen wata. Masunci ba ya jiran ragarsa ta yage duka. Kullum da ya fito daga ruwa ya kan shanya ta, ya ɗinke ƙaramar ɓarakar da ya gani. Mai jira sai ta lalace, sabuwa zai saya.

5. Rufe littafin

Ɗalibai da yawa su kan karanta shafi sau huɗu, su ga ya zama sananne a ido, su ɗauka sun iya. Ganewa da ido dabam, iyawa dabam. A 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Waɗansu suka yi ta maimaita karatunsa, waɗansu suka karanta suka ajiye, suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu gwada kansu suka fi su nesa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo ba a wanke allo sai almajiri ya biya karatunsa a gaban malam. Kai ma ka yi haka. Karanta kashi ɗaya, rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna da kalmominka. Sa'an nan buɗe ka ga inda ka fāɗi. Da wuya, ba daɗi, gama yana nuna maka jahilcinka a fili. Amma gara ka gan shi a ɗakinka da mai jarrabawa ya gan shi. Ka nemi tambayoyin shekarun baya tun watan fari, kada ka bari sai ƙarshe. In lissafi ne ko kimiyyar sinadarai, karanta misali ba ya isa, sai ka yi da hannunka.

6. Cike giɓi ba kunya

A 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu watanni. Ran 17 ga Yuni 2021 kuma 'yan bindiga suka kai hari kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, suka kwashe ɗalibai da malamai. Tsoro ya shiga gidaje, karatun yara da yawa ya tsinke. Mai yiwuwa akwai abin da aka koyar kana gida. Ba laifinka ba ne, amma gyaransa aikinka ne.

A makon fari ka sami jerin darussan kowane fanni daga malaminka. Ka sa alama a kan abin da ba ka da tushensa, ka koma littafin sakandare ka gina shi. Wanda gidansu a ke Kambarci ko Gunganci ko Shanganci, a kasuwa Hausa, a aji Turanci, ya riga ya nuna yana da kai. Sai dai ya ajiye ɗan littafi domin sababbin kalmomin Turanci, ya rubuta shafi guda kowace rana. In ba ka gane ba, ɗaga hannu. Matambayi ba ya ɓata.

7. Tsarin yini

(a) Ka rubuta jadawali ka manna a bango. Kowace sa'a ɗaya ta lacca, ka ba ta aƙalla sa'a ɗaya ta karatun kanka.

(b) Fannin da ya fi ba ka wuya, shi za ka fara da sassafe, kafin zafin rana. Hasken rana kyauta ne, wutar lantarki kuwa ba ta da alkawari, ko da ya ke muna bakin tafkin da ya ke ba da ita.

(c) Ka yi karatu minti 45, ka miƙe ka sha ruwa, ka komo.

(d) Wayar hannu bawa ce mai kyau, amma muguwar uwargijiya. Lokacin karatu ka kashe ta ka sa a akwati. Ka sa mata sa'arta dabam.

(e) Ka yi barci wajen sa'a takwas. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ta ke adana abin da aka koya da rana. Mai kwana karatu da goro ya kan wayi gari kansa ba kome.

(f) Ka kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro na mako ɗaya asarar lacca goma ne.

(g) Ka raba kuɗin abincinka mako mako tun ran da suka zo hannunka. Mai yunwa ba ya gane lissafi.

(h) Ka sami abokan karatu biyu ko uku, kada su fi haka. Kowa ya koya wa sauran abin da ya karanta. Amma ka zaɓa da lura, gama zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai.

(i) Rana ɗaya a mako ka huta sarai.

Wata aba kuma. Kusa da jarrabawa za a sami mai raɗa maka cewa yana da amsoshi na sayarwa. Ka guje shi. In an kama ka, shekararka da sunan gidanku sun tafi. In ba a kama ka ba, za ka shiga aji biyu na jami'a a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko Zariya, ka zauna tare da waɗanda suka yi aji ɗaya da gaske, nan asirinka zai tonu.

8. Magana ga iyaye

Kun yi ƙoƙari da kuka biya kuɗi, sauran ku ba yaron lokaci. Kada ku kira shi gida kowace ranar kasuwa, ko ku riƙe shi mako uku domin yankan shinkafa ana tsakiyar zango. 'Ya mace kuwa, in tana zuwa daga gida, a rage mata ɗiban ruwa da girki, ƙanne su taimaka. Jarrabawa ɗaya za ta yi da ɗan'uwanta. Ko ba ku yi boko ba, ku ce, “Ɗana, gaya mini da Hausa abin da ka koya makon nan.” In ya iya fahimtar da ku, ya iya ke nan.

Abin yi a wannan wata: ka rubuta jadawalinka, ka karɓi jerin darussan fanninka uku, ka gwada rufe littafi kwana bakwai a jere, ka ga abin da zai faru.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya aji shida ya bambanta da sakandare?
2. Daga ina ruwan da ya ke taso wa Kwara da rani ya ke fitowa? Me ya koya mana game da karatu?
3. Me Ebbinghaus ya gano game da mantuwa?
4. Don me rufe littafi ya fi maimaita karatu?
5. Wane abu ɗaya ne ya fi cinye lokacinka? Me za ka yi da shi daga gobe?