Tahu, Jarumin da Yaro Ke Haɗawa da Hannunsa

Kayan wasan yara iri biyu ne. Akwai wanda a kan sayo gamamme, ba abin da ya rage wa yaro sai ya tura shi gaba ya ja shi baya, bayan kwana biyu ya gundure shi. Akwai kuma wanda a kan ba yaro guntu-guntu, a ce masa ya haɗa da kansa. Cikin irin na biyun nan akwai wani ɗan mutum-mutumi na roba mai suna Tahu, wanda ya fito kasuwa a shekarar 2001. Ya isa a dube shi da kyau, a san alherinsa a san aibinsa, gama mai hankali ba ya yabon abu ko ya kushe shi sai ya auna shi tukuna.

Asalin Tahu ƙasar Danmak ne, can arewacin Turai. A wani ƙaramin gari na ƙasar nan, wanda a ke kira Billund, an yi wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen. A shekarar 1932 aiki ya yi masa wuya, domin mutane ba su da kuɗin gina gidaje, sai ya shiga sassaƙa kayan wasa na katako, su agwagwa da mota. A 1934 ya raɗa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1947 ya sayi injin zubin roba, a 1949 kuwa ya fara yin ƙananan tubala na roba masu ƙusoshi a ka. Tubalan farkon nan ba su kama juna sosai, ɗan gini kaɗan sai ya rushe. A 1958 aka gyara su, aka sa musu 'yan bututu a ciki ta ƙarƙashi, waɗanda su ke matse ƙusoshin tubalin da ke ƙasa. Ɗansa Godtfred shi ne ya yi wa dabarar nan rajista. Tubalin da aka yi a shekarar nan har yanzu yana kama wanda aka yi yau. A 1977 kuma kamfanin ya fito da waɗansu guntaye na manyan yara, masu tsinkaye da faya-faye masu haƙora, irin abin da makanikai su ke kira giya. Daga zuriyar guntayen nan ne Tahu ya fito.

Wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce yaran Turai da Amurka suka karkata ga wasannin kwamfuta, cinikin tubala ya ja baya, har a 1998 kamfanin ya yi hasara, abin da bai taɓa samunsa ba. Sai ma'aikatansa suka yi shawara su yi abin wasa wanda ya ke tafe da labarinsa. Suka ƙaga tatsuniyar wani tsibiri mai suna Mata Nui, wanda wani mugu, Makuta, ya addaba. Jarumawa shida, waɗanda a ke kira Toa, suka zo cikin gwangwanaye ta kan teku don su ceci mutanen tsibirin. Ko wanne da launinsa da ikonsa. Tahu ja ne, shi ne na wuta. Gali shuɗiya ce, ta ruwa. Lewa kore ne, na iska. Kopaka fari ne, na ƙanƙara. Pohatu ruwan ƙasa ne, na dutse, Onua kuwa baƙi ne, na ƙasa. Dukan kayan wasan nan da labarinsu aka sa musu suna Bionicle.

Shi ya sa ba a cikin kwali aka sayar da Tahu ba, a cikin gwangwani na roba ne mai murfi, kamar yadda labarin ya ce ya zo. In yaro ya buɗe ya zazzage, zai ga guntaye 33, ja da ruwan goro da baƙi da ruwan toka, da wani ɗan littafi. Littafin nan hotuna ne ke koyarwa a cikinsa, ba rubutu ba. Ko wane hoto yana da lambarsa, yana nuna guntun da za a ɗauka da inda za a sa shi. Saboda haka yaron Danmak da yaron Japan da na ko wace ƙasa duk za su iya binsa, ko da ba su jin harshen juna.

Aikin da ya fi wuya shi ne na gangar jiki. A ciki a kan jera faya-faye masu haƙora, a zura musu tsinkaye. Tsinkayen nan ba mulmulallu ba ne, tsagi huɗu gare su, ramin faifan kuma an yanka shi daidai da su, don haka in tsinke ya juya dole faifan ya juya tare da shi. Yaron da ya tsallake hoto guda a nan, ko ya sa faifai a juye, zai gama haɗawa sarai, amma hannun jarumin ba zai motsa ba, sai ya kwance ya koma baya ya nemi inda ya yi kuskure. Hausawa sun ce sauri ya kan haifi nawa. Bayan gangar jiki sai ƙafafu da hannuwa, sa'an nan kai, daga ƙarshe a maƙala masa marufin fuska, a sa masa takobinsa mai kamar harshen wuta. In an gama, tsawonsa kamar taƙi guda ne, kuma yana tsayawa da ƙafafunsa ba a riƙe shi ba.

Abubuwa uku suka fi kyau ga abin wasan nan. Na farko shi ne gaɓoɓinsa. A ƙugu da idon sawu akwai wani dunƙule kamar ƙwallo wanda ya ke shiga cikin gurbi, gurbin ya riƙe shi kam, amma ya bar shi ya juya ko ta ina. Haka ƙugun ɗan Adam da kafaɗarsa su ke, kan ƙashi mulmulalle ne, yana zaune cikin gurbin wani ƙashi. Yaron da ya ɓalle ƙafar Tahu ya mayar ya ga da idonsa abin da malamin tsabta da lafiyar jiki ya ke zanawa a allo.

Na biyu shi ne giyarsa. A bayansa akwai faifai wanda a ke murzawa da babban yatsa. In an murza, tsinken da ya shiga cikin jiki ya juya, haƙoran faifan ciki su kama haƙoran wani faifai da ke kan tsinken kafaɗa, sai hannu ya ɗaga takobi ya kai sara. Abin lura a nan shi ne, yatsa yana murzawa ta wata fuska, hannun kuwa yana tafiya ta wata fuska dabam. Da irin dabarar nan ce a ke kai juyin inji ga ƙafafun baya na manyan motoci. An kuma yi marufin fuskarsa yadda in an buge shi zai faɗi, don yara biyu su kara jarumawansu, wanda ya fara kaɓe marufin fuskar abokin karawarsa shi ya ci.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne ana iya kwance shi a sake wani abu. Guntayen jarumawan nan shida duk suna shiga juna. In an kwance Tahu da Pohatu da Onua aka gama guntayensu, a kan sami wani ƙaton jarumi mai suna Akamai. In an gama na Gali da Lewa da Kopaka, a sami Wairuha. Yaro mai basira kuma ba ya tsayawa ga abin da littafi ya nuna masa. Ya kan yi kunama, ko tsuntsu, ko wata dabba wadda ba wanda ya taɓa ganinta. Ko cikin kamfanin an yi irin wannan dabara: gangar jikin Pohatu irin ta sauran ce, sai dai an kifa ta, saboda haka giyarsa ƙafa ta ke motsawa, ya yi shuri maimakon sara.

To, amma Tahu yana da aibi, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. Ƙafarsa daga ƙugu har idon sawu guntu ɗaya ce, ba ta da gwiwa, saboda haka ba ya durƙusawa. Wuyansa a kafe ya ke, ba ya waiwaye. Hannu ɗaya kaɗai giyar ke ɗagawa. Marufin fuskar nan da aka yi don ya faɗi wajen karawa ya kan faɗi ko ba a karawa, ya shige ƙarƙashin gado. Guntaye 33 kuwa ba su da yawa, yaron da ya saba ba zai daɗe bai gama ba. Har wa yau waɗansu guntayen ƙanana ne ƙwarai, jariri yana iya haɗiye su su maƙale masa a maƙogwaro. Wajibi ne wa ya tattara kayansa in ya gama wasa, kada ƙanensa mai rarrafe ya tsinta.

Akwai kuma wani aibi wanda ya shafi aljihun iyaye. A cikin labarin, an ce ko wane jarumi sai ya tara marufan fuska shida kafin ƙarfinsa ya cika. Iri 6 a launi 6, watau 36 ke nan. Aka riƙa sayar da su dabam, biyu biyu cikin ƙunshi rufaffe, mai saye bai san wanda ke ciki ba sai ya biya ya buɗe. Sau da yawa yaro ya kan tarar da irin wanda ya ke da shi, ya koma ya roƙi kuɗin wani ƙunshi. Wannan dabarar ciniki ce, ba ta ƙara wa yaro ilmin kome. Tahu mai marufin fuska ɗaya yana sara daidai da mai shida.

Sunayen jarumawan nan ma sun jawo magana. Da yawa daga cikinsu an ɗauko su ne daga harshen Mawori, mutanen asali na ƙasar Niyu Zilan. A harshensu toa jarumi ne, pohatu dutse ne, kanohi kuwa, sunan da aka ba marufan fuska, fuska ke nan. Mutanen ƙauyukan tsibirin an kira su Tohunga, alhali kuwa ga Mawori wannan suna ne mai girma, na masanansu da shugabannin al'adunsu. A shekarar 2001 waɗansu daga cikinsu suka kai kuka ta bakin wani lauya mai suna Maui Solomon, suka ce an ɗauki kalmominsu an yi ciniki da su ba a nemi yardarsu ba. Kamfanin ya saurare su, ya daina amfani da sunan Tohunga, ya mai da shi Matoran. Harshen mutane dukiyarsu ne, wanda zai ara kuwa ya kamata ya yi sallama ya tambaya.

Duk da haka yara sun karɓi Bionicle ƙwarai, har yana cikin abubuwan da suka tallafi kamfanin sa'ad da ya shiga babbar hasara a 2003 da 2004. Jarumawan da aka yi daga baya an ba su gwiwa da wuya mai juyawa. An daina yin Bionicle a 2010, aka komo da shi a 2015, aka sake dainawa a 2016. Yau Tahu na farko ba ya cikin kantuna, sai a hannun masu tara tsofaffin kayan wasa.

In an ɗora alherinsa da aibinsa bisa ma'auni, alherin ya fi nauyi, domin yana sa yaro ya bi umurni daki-daki, ya nemi kuskurensa da kansa, kana ya ƙaga abin da ba a nuna masa ba. Da ma'aunin nan a ke auna ko wane abin wasa: shin yana sa hannu aiki? Yana sa kai tunani? In an gama da shi yau, gobe za a iya yin wani sabon abu da shi? Yaron da ya feƙe karan dawa ya soka tsinkayen ɓawonsa cikin totuwa ya yi mota ko jirgi, irin aikin nan ya yi, har ya fi mai Tahu da abu guda, gama shi ya yanka guntayensa da kansa, ba kuwa littafin da ya nuna masa.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa Billund ya ke, kuma mece ce sana'ar Ole Kirk Christiansen?
2. Wane gyara aka yi wa tubalan roba a 1958?
3. Don me tsinkayen cikin Tahu su ke da tsagi huɗu?
4. Waɗanne gaɓoɓi na jikin mutum suka yi kama da ƙugun Tahu?
5. Kawo aibi uku na abin wasan nan.
6. Me ya sa mutanen Mawori suka kai kuka a 2001?
7. Rubuta layi goma a kan wani abin wasa da ka taɓa yi da hannunka, ka faɗi alherinsa da aibinsa.