Adana Tsofaffin Gine-gine a Kan Duwatsu: Darasi Daga Sukur Ga Ɗaliban Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga Jalingo ya nufi Zing ko Yorro, ko ya ɗauki doguwar hanyar Gembu, zai ga ƙauyuka a gindin duwatsu da kuma bisa kansu. Da yawa daga cikin al'ummomin wannan yanki sun hau dutse ne a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, domin dutse shi ne ganuwar wanda ba shi da dawakai. Da zaman lafiya ya samu, hanya da kasuwa da makaranta suka jawo mutane ƙasa, aka bar tsofaffin gidaje da rumbuna da katangun dutse suna zubewa a hankali. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake adana irin waɗannan gine-gine, ta hanyar kawo misalin Sukur, sannan ta nuna cewa ɗalibin harshe yana da aiki na musamman a cikin lamarin. Dalili kuwa shi ne, rabin kowane tsohon gini yana cikin bakin maginansa ne.

2.0 Ma'anar Adana Gini

Adana gini ba yana nufin a kulle shi a hana kowa shiga ba, haka kuma ba yana nufin a rushe shi a sake wani da siminti ba. Abin da ake nufi shi ne a kula da shi ta yadda zai ci gaba da tsayuwa da siffarsa da kayan da aka san shi da su. A Nijeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke da alhakin wannan aiki. A matakin duniya kuwa akwai yarjejeniyar UNESCO ta 1972 kan kayan gadon duniya. A 1994 masana suka haɗu a Nara ta ƙasar Japan, suka amince cewa asalin gini ba a tsufan kayansa kaɗai yake ba, har da fasahar da ake gyara shi da ita da kuma amfanin da jama'a ke yi da shi. Wannan matsaya ta dace da mu ƙwarai, domin ginin ƙasa da na ciyawa ba ya daɗewa sai da gyara na shekara-shekara. Babban masallacin Djenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, yana tsaye har yau ne saboda mutanen garin suna fitowa su yi masa yaɓe.

3.0 Sukur a Taƙaice

Sukur tana kan duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Ba baƙuwa ba ce a gare mu, tun da Adamawa da Taraba jiha ɗaya ce, wato Gongola, kafin a raba su a ranar 27 ga Agusta, 1991. A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren gadon duniya, kuma ita ce ta farko a Nijeriya da ta sami wannan matsayi. Dajin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005.

Abin da ya jawo mata wannan daraja ya haɗa da fadar sarkinta, wanda ake kira Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu daga gindin dutse zuwa sama, da gonaki masu hawa-hawa da aka tokare da katangun dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasa, da rumbuna, da kuma wuraren narka tama. Katangun fadar an yi su ne da dutse bisa dutse, ba tare da siminti ba. Nauyin duwatsun da yadda magini ya zaunar da kowane ɗaya a kan ɗan'uwansa su ne ke riƙe da ginin. A da, ƙarfe ne arzikin Sukur, ana narka shi a kai wa maƙwabta na kusa da na nesa.

Sukur ta sha wuya fiye da sau ɗaya. Hamman Yaji na Madagali ya riƙa kai hare-hare kan mutanen waɗannan duwatsu a farkon ƙarni na 20, kuma ya bar bayanin hakan a littafin da ake rubuta masa abubuwan yau da kullum, daga 1912 zuwa 1927. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka ƙona gidaje. Wuta ta ci jinka da itace da hatsi, amma ba ta ci dutse ba, ba ta kuma ci ilimin da ke kan mutane ba. Waɗanda suka dawo sun san yadda ake ɗora dutse da yadda ake baibaya, don haka gyara ya yiwu. Da a ce maginan ne suka ƙare, ko da katangun suna nan, da ba a daɗe ba sun zama kufai.

4.0 Abubuwan da ke Cin Gini a Kan Dutse

Na farko shi ne ruwa. Ruwan sama a kan gangare da ƙarfi yake gudu, yana zaizaye gindin bango. Da zarar jinka ta fara yoyo ko magudana ta toshe, damina ɗaya ko biyu sun isa su kayar da ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan saiwar itace da gara.

Na biyu shi ne ƙaura. Gidan da babu mai kwana cikinsa babu mai ganin tsagarsa. Idan samari suka sauka birni neman karatu ko aiki, aikin gayya da ake gyara hanya da katanga da shi sai ya rasa hannu.

Na uku, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne gyaran da ba a yi da sani ba. Wani da kyakkyawar niyya zai shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai laima ta taru a ciki, ƙasar ta ruɓe, wata rana ɓawon ya ɓalle da rabin bangon. Haka katangar dutse da aka toshe ramukanta: ruwan da yake bi ta tsakanin duwatsu ya wuce sai ya taru a baya ya turo ta.

Na huɗu shi ne wahalar hanya. Kai ma'aikaci da kayan aiki kan dutse yana da tsada, saboda haka ba za a dogara ga jami'in da zai zo daga Abuja ba. Mazauna wurin su ne masu kula na gaskiya.

5.0 Gini a Bakin Magini

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Mu ɗauki Hausa a matsayin misali. Tubali shi ne curin ƙasa da ake shanyawa a rana a yi gini da shi. Azara ita ce faskaren giginya da ake rufi da ita, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Makuba ana samun ta daga kwasfar ɗorawa, ana shafe bango da ita don ta kare shi daga ruwa. Katsi kuwa daga ramin marina yake fitowa. Indararo shi ke zubar da ruwan soro nesa da bango. Akwai kuma zanko da bakan gizo da ɗaurin guga, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi fice da ita a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kowace kalma a nan darasi ce: tana faɗin kayan, da inda ake samo shi, da abin da yake magani. Ɗalibi nawa ne a ajinmu zai iya bambanta makuba da katsi? Ranar da kalmar ta ɓace, dabarar ma ta kama hanya.

Idan wannan ne halin Hausa, wadda ke da ƙamusoshi da miliyoyin masu magana, to yaya harsunan kan duwatsu? Harshen Sukur ɗan gidan Chadi ne, wato dangin Hausa na nesa. A Taraba muna da Mumuye da Jukun da Mambila da wasu da dama. Yara da yawa a garuruwanmu sun fi sakewa da Hausa ko Fulfulde ko Ingilishi, kuma kalmomin sana'a su ne kan fara faɗuwa, domin ba a buƙatar su a hirar kasuwa.

6.0 Aikin da ke Gabanmu

Wuraren da za a duba ba su da nisa. Akwai tsofaffin matsugunan Kona a kusa da Jalingo, da tsohon garin Muri wanda masarauta ta baro ta dawo Jalingo a zamanin Sarki Muhammadu Nya, a shekarun 1890. Akwai kufan sansanin Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka, daga lokacin da yankin yake ƙarƙashin mulkin Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai kuma ƙauyukan tsaunin Mambila.

Ɗalibin da ya je hutu gida zai iya yin abubuwa kamar haka. Ya fara neman izinin mai gari da masu gidan, ya kuma kiyaye wuraren da al'ada ta hana baƙo shiga. Ya zauna da tsohon magini ko tsohuwar da ta iya daɓe, ya naɗi muryarsu da waya suna bayani cikin harshensu. Ya rubuta sunan kowane sashe na ɗaki da rumbu, da kayan aiki, da aikatau irin su kwaɓawa da ɗorawa da baibaya, ya sa karin sauti da tsawon wasali yadda aka koya mana. Ya tambayi watan da ake kowane aiki da wanda alhakinsa yake kansa. A ƙarshe ya ɗauki hoto ya haɗa da kowace kalma, ya bar kwafi ɗaya a hannun mutanen garin. Wannan kaɗai ya isa ya zama kundin digiri mai amfani.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tsohon gini a kan dutse ba ya rayuwa sai da masu gyara shi, su kuma masu gyara ba sa gadon sana'ar sai ta hanyar harshe. Sukur ta tashi bayan gobara saboda masu sanin aikin suna raye. Tsofaffin da suka san sunan kowane dutse a katangar ƙauyenmu ba za su jira mu gama karatu ba. Saboda haka, ɗan'uwa ɗalibi, hutun nan mai zuwa ka tafi gida da littafi da alƙalami.