DARASIN MU'AMALA: Buɗe Asusun Banki a Ƙasar Waje, Kuɗinki Ya Zauna da Sunanki

Darasinmu na wannan fitowa daga babin mu'amala yake, wato yadda wanda zama ya kai shi wata ƙasa zai buɗe asusun ajiya a banki, da abin da ya kamata mace ta sani a kai, ko ita ce ta tafi, ko maigida, ko ɗa, ko 'ya.

Kada wata ta ce wannan zancen 'yan boko ne. Mu mutanen ƙasar Daura a bakin iyaka muke. Daga Daura in kin bi ta Mai'aduwa kin kai Kwangwalam, to kin taka Nijar, haka ma ta Babban Mutum a Baure. Muna da 'ya'yan da aka kai aure Matamaye da Magarya da Damagaram. Muna da masu aikatau da masu karatu a Makka da Madina da Jidda, ga ma'aikatan jinya da suka tafi Ingila. Duk waɗannan suna samun kuɗi a can, suna aikowa gida. Tambayar ita ce: kafin kuɗin ya iso, a hannun wa yake kwana, kuma da sunan wa aka rubuta shi?

Abin da darasin yake son ki riƙe ɗaya ne: dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, tafiya kuma ba ta mayar da ita ta wanda ya yi miki hanya ba. Saboda haka a ajiye ta a inda doka ta sani, da sunan mai ita, kuma a rubuce.

1. Me ya sa banki yake yawan tambaya?

Ko'ina a duniya banki yana son amsar abu huɗu kafin ya buɗe wa baƙo asusu: wace ce ke, da izinin wa kike zaune a ƙasar, ina ne gidanki, kuma daga ina kuɗinki yake fitowa. Ba wulaƙanci ba ne. Doka ce ta ɗora musu, don hana ɓarayi da masu fataucin miyagun ƙwayoyi wanke kuɗinsu. Mu ma a nan gida tun shekarar 2014 aka fito da lambar BVN, ga kuma lambar NIN, kowace mai alƙaluma 11.

Don haka shirin asusun waje tun daga Daura ake fara shi. Ki ɗauko fasfo da katin NIN da takardun bankinki ki jera su. Shin sunan iri ɗaya ne? Da yawa daga cikinmu a nan Hauwa'u, a can Hauwa, a wata takardar Jidda ko Kulu. Wata an rubuta sunan mahaifi a fasfo, sunan miji a banki. A wajenmu duk mutum ɗaya ce, amma kwamfutar banki ba ta san alkunya ba, ba ta san laƙabi ba. Haka ranar haihuwa. Ki gyara kafin ki tafi, domin gyara daga nesa wahala ce da kashe kuɗi.

2. Saudiyya

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne mafi yawan mutanenmu suke. Mabuɗin komai a Saudiyya shi ne igama, wato katin izinin zama, mai alƙaluma 10. Da ita ake yi wa layin waya rajista, da ita ake shiga manhajar Absher ta ma'aikatar harkokin cikin gida, da ita ake yin rajistar adireshin gida a hukumar gidan waya. Waɗannan ukun, igama mai rai, layin waya da sunanki, da adireshi mai rajista, su ne ginshiƙin buɗe asusu. Wani bankin zai ƙara da neman takarda daga wurin aiki mai nuna albashi. Bankuna da dama yanzu ta waya ake buɗewa, ba sai an je layi ba. In an gama za a ba ki doguwar lamba da ake kira IBAN, tana farawa da SA. Ita ce lambar da ake turo miki kuɗi da ita.

Matar da ta bi mijinta tana da tata igamar, kuma da ita za ta buɗe nata asusun. Ba rashin biyayya ba ne, ba kuma rashin yarda da maigida ba ne. Ku zauna ku yi shawara cikin mutunci. Idan kina kitso ko girki ana ba ki ɗan ihsani, ko iyayenki sun aiko miki da rabonki na gona, kin ga ai ya fi kyau ya zauna a inda ba zai cakuɗe da kuɗin cefane ba.

Ga masu aikin gida kuwa, akwai sauyin da ya kamata kowace uwa ta sani kafin ta bar 'yarta ta tafi. Daga watan Yulin 2024 hukumomin Saudiyya suka fara tilasta wa iyayen gida biyan albashin masu aiki ta banki ko ta asusun waya, a ƙarƙashin tsarin Musaned, aka riƙa faɗaɗa shi mataki mataki da nufin ya game kowa a watan Janairun 2026. Amfaninsa shi ne akwai shaida. In uwar ɗaki ta ce ta biya wata uku alhali ba ta biya ba, rubutu ne zai yi magana. Amma fa shaidar ba ta da amfani in katin ATM da lambar sirri suna hannun uwar ɗaki ko ejan. Kati naki ne, lambar sirri kuma sunanta sirri.

Ki kuma lura, ran asusu yana rataye da ran igama. In ta ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan lokaci banki zai daskarar da asusun, kina ganin kuɗinki ba ki iya taɓawa. Haka in za a dawo gida baki ɗaya, a kwashe kuɗin a rufe asusun kafin a hau jirgi, kada a ce sai an zo gida a waiwaya.

Saura 'yan'uwanmu da suka tafi da bizar Umra suka ƙi dawowa. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: wadda bizarta ta mutu ba ta da takardar da banki zai karɓa. Dole ta ɗauki gumin shekara da shekaru ta damƙa wa wani mai igama ya ajiye mata. Ranar da aka kama ta aka dawo da ita, ko shi ya rasu, ko zuciyarsa ta canza, wace kotu za ta je, da wace shaida? Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a bi hanyar da doka ta yarda, ko da ta fi jinkiri.

3. Nijar da sauran ƙasashe

Nijar gida ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kuɗi ba ɗaya ba, doka ma ba ɗaya ba. Can sefa ake kashewa, kuma an ɗaure darajarta da kuɗin Turai, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Akwai bankuna irin su SONIBANK da BIA da Bank of Africa da Ecobank, akwai kuma Bankin Musulunci na Nijar. Za su nemi shaidar ko ke wace ce, da ta wurin zama, da hotuna. Takardunsu da Faransanci suke, saboda haka ki tafi da wanda kika amince da shi ya karanta miki kafin ki sa hannu. Kada ki ɗauka don bankinki na Najeriya yana da ɗan'uwa mai suna ɗaya a Damagaram, asusunki na nan zai yi aiki a can kai tsaye. Kowanne yana ƙarƙashin babban bankin yankinsa.

Mun ga darasi a 2019 da aka rufe iyakokin ƙasa, muka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, lokacin da takunkumi ya tsayar da zirga-zirga da hada-hadar kuɗi har cikin 2024. Wanda ya tara ƙwansa a kwando ɗaya ya ji a jikinsa. Mai hulɗa da ɓangarorin biyu ya ajiye wani abu a nan, wani abu a can.

A Ingila da makamantanta kuwa, abin da ya fi ba sabon zuwa wahala shi ne shaidar adireshi. Takardar haya, ko wasiƙa daga makaranta ko wurin aiki, ita ke buɗe ƙofa.

4. Kada ki ba da aron asusu

'Yar'uwa, a nan ake faɗawa rami da kyakkyawar niyya. Wani zai zo ya ce, "Hajiya, don Allah a taimaka, za a turo min saƙo ta akawun ɗinki, ki cire ki ba ni, ga na goro." Ke ba ki san asalin kuɗin ba. Banki kuwa yana auna abin da ke shiga da albashin da kika rubuta. In kuɗin na damfara ne ko na ƙwaya, sunanki ne a rubuce, ke za a tuhuma, shi ya daɗe da ɓacewa. Kunya ba ta fitar da mutum daga kurkuku. Ki ce masa doka ta hana, iyakar magana ke nan.

Haka wajen aikowa gida. Akwai hanyoyi masu lasisi kamar Tahweel Al Rajhi da Enjaz a Saudiyya, da Nita da Al Izza a Nijar. Ki adana kowane rasit. Masu ɗauko kuɗi a jaka kuma su sani, dokar Najeriya ta wajabta bayyana wa kwastan duk abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta.

5. Kuɗin ruwa, zakka da gado

Ki tambayi ma'aikacin banki ƙarara: wannan asusun yana ba da kuɗin ruwa? In yana bayarwa ki nemi wanda ba ya bayarwa. A Saudiyya akwai bankunan da suka gina aikinsu kan tsarin Musulunci, irin su Al Rajhi da Alinma da Albilad. A gida muna da Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021. Ki yi hattara da katin cin bashi, wanda ake sayayya da shi a biya daga baya, don yawancinsu jinkirin biya yana jawo ƙari.

Kuɗin da ke waje bai kuɓuta daga zakka ba. Za ki haɗa riyal da sefa da naira ki ƙimanta su wuri ɗaya. In sun kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo, sai ki fitar da ɗaya bisa arba'in, wato 25 a cikin kowace 1,000.

Sai gado, wanda shi ne mafi nauyi. In mai asusu ya rasu banki yana rufe asusun har sai magada sun kawo takardun kotu. To, in iyali ba su ma san da asusun ba fa? Haƙƙin marayu ke nan ya maƙale a wata ƙasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ki sami littafi ki rubuta sunan banki, da garin da yake, da lambar asusu, da kuɗin mutane da ke ciki in akwai, ki ajiye wurin amintattu biyu. Lambar sirri ce kawai ba a rubutawa. Ki lallaɓa maigida shi ma ya yi haka. Ki kuma sani, wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci, wanda za a nema ne in wani abu ya faru, ba shi ne mai cinye dukiya ba. Rabo na shari'a ne.

6. Kada a manta da asusun gida

Wanda ya tafi kada ya bar asusunsa na Najeriya ya mutu. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024 ta ce kuɗin da ya shekara 10 a asusun da ba a taɓawa za a mayar da shi ajiyar babban banki, sai mai shi ko magadansa sun bi sawu. A watan Janairun 2025 babban bankin ya fito da asusu na musamman ga 'yan Najeriya mazauna waje, a watan Mayun shekarar kuma ya ƙaddamar da hanyar samun BVN daga can ba sai an zo gida ba. A riƙa ɗan motsa asusun, a kuma kula da layin wayar da ke karɓar alat kada a rufe shi.

Aikin gida kafin fitowa ta gaba: kowace ta duba takardunta ta ga ko sunanta ya daidaita, sannan ta kira nata da ke waje ta yi masa tambaya uku. Kuɗinka da sunan wa yake? Katinka yana hannun wa? Wa ya san inda yake in ta Allah ta kasance?

Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya sanya albarka a guminsu, Ya dawo mana da su lafiya. Wassalamu alaikum.