Darasin Lafiyar Gida: Fumfuna a Ɗaki da Rumbu

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Garun Mallam da Kura da Bunkure ta sami noman rani. Amma inda ruwa ya zauna, laima takan hau bango, ta shiga buhu. Laima kuwa ita ce uwar fumfuna.

Ina take ɓuya?

Fumfuna tsiro ce ƙanƙanuwa mai son duhu da danshi. A dube ta a ƙarƙashin tabarma da katifa, bayan akwati, gindin randa, da ƙasan buhun da aka jingina da bango. Sau da yawa hanci yakan riga ido gane ta.

Wace cuta take kawowa?

Ta bango tana sakin ƙura wadda ido ba ya gani. Mai shaƙarta kullum yakan yi ta atishawa da tari, mai ciwon fuka kuma ciwonsa ya tashi.

Ta hatsi ta fi muni. Wata irinta a masara da gyaɗa tana yin dafi mai suna afulatoksin. An gano shi bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa mai fumfuna. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin irin wannan masara. Ko kaɗan-kaɗan ake ci, yana lalata hanta, yana kawo dajin hanta, yana sa yara su tsumbure. Dahuwa ba ta kashe shi, ko a tuwo ko a ƙuli-ƙuli. In an ba saniya dusar, dafin yakan fito a nono.

Me za mu yi?

1. A shanya masara da gyaɗa da kauɗar tumatir a kan tamfol ko tabarma, ba a ƙasa tsirara ba.
2. A gwada bushewa. Zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, ka girgiza. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a koma shanya.
3. A tsince ƙwayar da ta yi kore ko baƙi ko ta yamushe, a binne ta. Kada a ba kaji, kada a kai kasuwa.
4. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.
5. A gyara indararo da rufi kafin damina, a buɗe taga kullum, a fid da shimfiɗa rana.
6. Bangon da ya kamu a kankare shi, an ɗaure hanci da ƙyalle, yara suna waje. In ya bushe a sake yaɓe, a shafa farar ƙasa. Wannan tsohuwar dabara ce. Tana cikin Littafin Firistoci, sura 14.
7. A tambayi malamin gona labarin Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da shi. Ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.

Wanda idonsa ya yi rawaya ko cikinsa ya kumbura, a kai shi asibiti maza.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ɗaki ne ya fi laima a gidanka?
2. Wa yake cin gyaɗar da aka tsince a garinku?
3. Me za ka gyara kafin ruwan farko?