Mujallarmu Na Fita, Amma Ba Mai Kafa Hujja Da Ita

Tambaya: Ni ne editan wata mujallar nazarin manufofin gwamnati a jami'armu. Maƙalu na shigo mana da yawa, muna fita a kan kari, amma da ƙyar masu bincike ke ambatonmu. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malam, yawan nan da kake jin daɗinsa zai iya zama shi ne ciwon. Ma'aunin tasirin da kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara, wanda Eugene Garfield ya assasa, lissafin rabawa ne: a ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun shekaru biyun baya a bana, a raba da adadinsu. Maƙalar da aka cusa don kawai mai ita na neman ƙarin girma ta ƙara hannu ne a akushi, tuwon bai ƙaru ba. Ku rage, ku tsananta tacewa, ko da abokan aiki za su ɓata rai.

Sai batun gani. Mujallar da ke jibge a ofishin shugaban sashe ba mai saninta. Ku samo wa kowace maƙala lambar DOI daga Crossref, ku nemi shiga rumbunan mujallu na intanet, wato DOAJ da kuma AJOL mai tattara mujallun Afirka tun 1998. Rumbun Scopus sai daga baya.

Amma fa ka tuna wa kake yi wa rubutu. Mai amfani da binciken manufofi sau da yawa babban sakatare ne, ko kwamitin majalisa, ko mai halartar kwas a cibiyar nazarin manufofi ta Kuru. Waɗannan za su ɗauki shawararka su sa a rahoto ko daftarin doka, ma'aunin kuwa bai ƙirga wannan. Ga shi binciken haraji ko ilimin firamare kan daɗe kafin a waiwaye shi, shekara biyu ta yi kaɗan. Sanarwar DORA, wadda aka tsara a San Francisco a 2012, ta gargaɗi jami'o'i da su daina auna mai bincike da makin mujallar da ya buga a ciki. Don haka kowace maƙala ta fito da taƙaitawa mai shafi ɗaya cikin sauƙin harshe, a aika wa ma'aikatar da abin ya shafa, ku kuma riƙa adana duk takardar hukuma da ta ambace ku.

Kada ka tilasta wa marubuta su ambaci mujallarku don maki ya tashi. Clarivate kan hana mujallun da aka kama da wannan dabara makin shekarar gaba ɗaya.