Bakin Filas da Bakin Caji: Yadda Za Su Daɗe

Shagunan buga takardu na garin Ringim ba sa rabo da jama'a. Ɗaliban kwalejin shari'a na zuwa da aikin makaranta, masu shirin jarrabawar JAMB na zuwa buga takardarsu. Wannan ya ciro filas daga aljihu, wancan ya miƙo waya da igiyarta. Kwamfutar kuwa ɗaya ce a kan tebur, ta tafi-da-gidanka, mai baki biyu ko uku. A soka, a zare, daga safe har magariba. Wata rana sai ka ga mai shago ya danne filas da yatsa, yana karkata shi, kafin kwamfutar ta san an sa mata wani abu.

Bakin nan sunansa USB, kuma a shekarar 1996 aka fara fito da shi. Masu ƙera shi sun yanka masa ƙa'ida: babban baki mai kusurwa huɗu, wanda filas ke shiga, dole ya jure sokawa da zarewa sau 1,500. Ƙaramin baki na wayoyin Android na da, sau 10,000 ne. Sabon nan da ake kira USB-C, wanda ya fito a 2014 kuma ba shi da sama da ƙasa, shi ma sau 10,000 ne.

Ga lissafi. Mai soka filas sau 4 a rana zai yi kwana 375 kafin ya kai 1,500, wato shekara guda da 'yan kwanaki. Mai shagon da ke sokawa sau 20 a rana zai kai nan cikin kwana 75 kacal. Amma wannan adadi mafi ƙanƙantar abin da aka gwada ne. Bakin da ake lallaɓawa yakan wuce haka nesa ba kusa ba, wanda ake wa garaje kuwa yakan mutu tun bai kai ba.

Abubuwa uku ne suka fi kashe shi. Na farko ƙura. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, ƙura kan shige ramin, kowace sokawa ta ƙara danna ta ciki har ta daskare, caja ta daina kaiwa ƙarshe. Na biyu tilastawa. A cikin babban bakin akwai wani ɗan harshe na roba mai ɗauke da siraran ƙarafa. Idan aka juya filas baibai aka tura da ƙarfi, harshen ya karye. Na uku fizga ta gefe: yaro ya yi tuntuɓe da igiyar caja, ko a ɗora kwamfuta a cinya nauyinta ya danne kan cajar. Dalmar da ta riƙe bakin a jikin allon ciki sai ta tsage.

Wannan na ukun shi ya sa kamfanin Apple ya fito da caja mai maganaɗisu a 2006, wadda in an fizge ta sai ta saki kawai.

Maganin mai shago ba shi da tsada. Ya sayi gajeriyar igiyar ƙari, ko mahaɗa mai baki huɗu, ya jona ta sau ɗaya ya bar ta. Filas ɗin kowa ya shiga can. In ta gaji a sayi wata. Wajen zarewa a kama kan cajar a ja a miƙe, kada a ja igiya. In caja ta fara rawa, a fara gwada wata igiyar, domin a USB-C ƙarafan da ke damƙewa suna jikin igiya ne. In ƙura ce, a kashe kwamfuta, a sa tsinken sakace a hankali. Ban da allura, ban da ruwa.

Idan bakin ya riga ya karye, sai mai gyara, a Dutse ko a titin Beirut da ke Kano. A wasu kwamfutoci bakin caji na da 'yar wayarsa daban, canjinsa ba wuya. A wasu kuma a manne yake da babban allo, sai gwanin dalma. Shi ya sa mai sayen kwamfuta ta hannu zai je da filas da caja, ya gwada kowane baki kafin ya biya.

Tarayyar Turai ta wajabta USB-C ga sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024, ga kwamfutocin tafi-da-gidanka kuma daga Afrilun 2026. Da yake yawancin kwamfutocin kasuwanninmu na hannu ne daga ƙasashen waje, irin wannan baki zai ƙara yawa a shagunan Ringim.

Tambayoyi

1. Sau nawa aka ƙayyade babban bakin USB zai jure sokawa da zarewa?
2. Mai sokawa sau 10 a rana, kwana nawa zai yi ya kai 1,500?
3. Da me ake cire ƙura daga bakin caji?