Gardamar Fijo da Golf a Garinmu Birniwa

A hutun da ya wuce na koma gida Birniwa na tarar da wata gardama ta kaure a gidanmu. Kawuna yana da tsohuwar Fijo 504 wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake jigilar fasinja da buhunan riɗi da gero zuwa Haɗeja, kuma daga cikin abin da take kawowa ake yi mini guzurin makaranta. To, sai babban ɗansa ya dage a sayar da ita a sayi Golf.

Ita 504 a Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da yin 504 a can har 2006, bayan Turawa sun daɗe da barinta. A 1975 ɗin kuwa ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, inda ake gwada mota a laka da ƙura. Kawu bai san wannan tarihi ba, amma ya san yashin ƙasarmu. Hujjarsa ta farko ita ce tsayi: cikinta ya ɗaga daga ƙasa, saboda haka ba ta kwanciya a kan tudun yashin da ke tsakiyar hanya. Ta biyu, ƙafafun baya ke tura ta, kuma nauyin kaya a kansu yake sauka, ya ƙara musu kama ƙasa. Golf kuwa ƙafafun gaba ke janta. In an labta mata kaya a baya, sai gaban ya yi sakayau, taya ta yi ta juyawa a banza. Na ga haka da idona wata ranar kasuwa, har ni ma na sa hannu a turi.

Inda suka fi daɗewa shi ne maganar kafireta. Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. In ta toshe, kowane bakanike a gindin bishiya zai kwance ta, ya wanke, ya busa, ya mayar. Sababbin motoci kuwa injekta gare su, wata 'yar kwamfuta ke auna fetur ɗin da za a fesa. Kawu ya ce ranar da wannan kwamfuta ta yi gardama a daji, sai a nemo mai na'ura daga Haɗeja ko Kano, fasinja na zaune a rana.

Ɗan nasa bai musa ko ɗaya ba. Abu guda ya riƙe: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka, ya sake ninkawa, Fijo kuwa shan mai take yi kamar raƙumi ya sami rijiya. Injekta ba ta ɓarnar da kafireta ke yi. Ya ƙara da cewa kayan gyaran 504 na ainihi sun fara wuya, sai na hannu ko jabu. Nan fa Kawu ya yi shiru, ya shiga sakace haƙori.

Ni dai a ɗan ƙaramin tunanina, Kawu ya fi gaskiya a hanyoyin ƙauye, musamman da damina in ruwa ya yanke hanya aka koma ratse. A kan kwalta kuwa lissafin ɗansa ba ya tankwaruwa. Na ce su sayi littafi su riƙa rubuta kuɗin mai da na gyara har wata uku. Kawu ya yi dariya ya ce boko ya yi rana, amma ya ba ni kuɗin littafin. Ranar da zan dawo makaranta, a cikin Fijon aka kai ni Haɗeja, sau ɗaya kawai muka tsaya aka ƙara wa lagireto ruwa.